Maestro Anacleto Ragudo da Rumfar Tunawa ta San Telmo

Haihuwa da asali

An haifi marigayi Anacleto Sagun Ragudo, wanda mutanen garinsu suka fi sani da Maestro Kleto, wato Malam Kleto, ranar 13 ga watan Yuli na shekarar 1918, a unguwar masu dafa gishiri da ke bakin teku a garin San Telmo, cikin lardin La Union. Mahaifinsa, Gaudencio Ragudo, mai dafa gishiri ne da rani, masunci da damina. Mahaifiyarsa kuwa, Bibiana Sagun, masaƙiya ce wadda bargunanta suka yi suna har a kasuwannin garuruwan maƙwabta. Shi ne na biyar cikin 'ya'ya bakwai, kuma bisa al'ada an raɗa masa sunan waliyyin da ranar haihuwarsa ta faɗo a kansa, aka yi masa baftisma a tsohon cocin garin. Gidansu na gora ne da jinka, a kan dogayen turaku, kuma a cikinsa ya tashi yana taya mahaifinsa ɗebo itace da hura wuta a ƙarƙashin manyan tukwanen gishiri.

Karatu da koyon busa

A shekarar 1925 aka sa shi makarantar firamare ta garin, ya kammala ta a 1932 da kyakkyawar shaida daga malamansa, sai dai halin gidansu bai ba shi damar wucewa makarantar gaba da ke babban birnin lardi ba, don haka ya koma bakin tukwane.

A wancan zamani San Telmo tana alfahari da ƙungiyar 'yan badujalarta, mai mutum goma sha huɗu, manoma da masunta da kafinta guda, ƙarƙashin jagorancin Maestro Ilarde, wani dattijo mai shagon aski a bayan kasuwa. Su ne ke raka amarya zuwa coci, su ne ke raka gawa zuwa makabarta, kuma kowace Lahadi da la'asar sukan sa fararen kayansu su taru a gindin wata babbar tsamiya da ke tsakiyar dandali, tsakanin coci da ofishin magajin gari, su yi ta busa har rana ta faɗa cikin teku. A shekarar 1933 Maestro Ilarde ya karɓi Anacleto cikin ƙungiyar, ya danƙa masa wata tsohuwar begila mai lotsattsen baki. An ruwaito cewa a watanninsa na farko ƙarfi kawai yake sawa, har dattijon yakan dakatar da kowa ya ce masa, “Kleto, ba wutar gishiri kake hurawa ba. Sassauta, ɗana, mutane ne ke saurare, ba tukunya ba.”

A cikin wannan ƙungiya ya sami aminai biyu da suka zama tamkar 'yan uwansa na jini: Rufo Dumlao, mai kaɗa ƙaramar ganga, yaro mai kunya da ƙarancin magana, da Domingo Pascua, wanda ake kira Doming, mai busa babban ƙaho, wanda bakinsa ba ya hutawa ko yana busa ko ba ya yi.

Shiga soja da shekarun yaƙi

A shekarar 1938 Anacleto ya yi horon soja na wajibi tare da sa'o'insa, ya dawo gida ya ci gaba da gishirinsa da busarsa. A watan Satumba na 1941, da hadarin yaƙi ya haɗo, aka kira dukkan waɗanda suka yi horo, kuma cikin 'yan badujala goma sha huɗu, goma sha ɗaya kiran ya shafa. Ranar tafiyarsu garin ya fito dandali, Maestro Ilarde da tsofaffi biyu da suka rage masa suka yi musu busa gwargwadon abin da mutum uku za su iya. Da motar ta tashi, dattijon ya bi ta da sauri yana ɗaga murya: “Ku dawo mini kafin bikin waliyyi na Afrilu! Ba ni da masu busa!” Doming ya leƙo daga bayan mota ya amsa, “Maestro, ka koya wa akuyoyi kafin mu dawo, ba wanda zai gane bambanci!” Mutane suka yi dariya, har da iyaye matan da ke kuka.

A rundunarsu, da aka ga masu busa ne, sai aka ba su aikin ɗaukar waɗanda suka ji rauni. A watan Disamba sojojin Japan suka sauka a gaɓar lardin, rundunar ta ja da baya zuwa Bataan, inda Anacleto ya shafe watannin farko na 1942 yana ɗauko raunana daga bakin daga zuwa asibitin daji, cikin yunwa da zazzaɓin cizon sauro. A iya tsawon hidimarsa bai taɓa ɗana bindiga a kan ɗan Adam ba, kuma bai taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Ranar 9 ga Afrilu rundunar ta miƙa wuya, aka tasa su a ƙasa cikin zafin rana zuwa arewa. A wannan tafiya ne wani mai gadi ya buge shi da gindin bindiga a baki lokacin da ya sunkuya zai sha ruwan kwata, ya zubar masa da haƙoran gaba.

A sansanin fursunoni na Capas atuni ya kama Rufo Dumlao, ya rasu a cikin watan Mayu. Anacleto da Doming ne suka naɗe shi a bargo, suka rataya a sandar gora, suka kai shi dogon ramin da ake zuba mutane da yawa a lokaci guda. A watan Agusta aka saki Anacleto cikin marasa lafiya, ya iso gida a kan keken shanu, ya rame har mahaifiyarsa ta tsaya a kan tsani tana tambayarsa wa yake nema. Daga cikin goma sha ɗayan da suka tafi, huɗu ne suka dawo.

Da ya sami ƙarfin tsayawa, ya ɗauki wa kansa nauyin zuwa gidajen bakwai ɗin da ba su dawo ba. Gidan su Rufo ya bari a ƙarshe. Mahaifiyar Rufo, Nana Sabel, ta saurare shi har ya gama ba ta katse shi ba, sannan ta ce, “A ina kuka sa shi?”

“A Capas, Nana. Tare da mutane da yawa.”

“Akwai alama?”

“Babu, Nana.”

Sai ta juya ta ce wa 'yarta Leonila, wadda ke tsaye a bakin ƙofa, “Dama wa abokin ɗan uwanki kunun shinkafa. Ba ki ga bakinsa ba? Ba zai iya tauna komai ba.”

Sauran shekarun mamaya ya yi su ne a bakin tukwanen gishiri, wani lokaci yana kai gishirin ga masu yaƙin sunƙuru a kan duwatsu. Maestro Ilarde ya rasu a 1944 ba tare da ya sake haɗa ƙungiyarsa ba, kuma a watan Janairu na 1945, a faɗan ƙwato garin, wuta ta cinye kasuwa da rabin gidajen dandali da tsamiyar nan, ba abin da ya rage sai baƙin kututture.

Aure da aiki

Ranar 8 ga Fabrairu, 1947, aka ɗaura auren Anacleto da Leonila Dumlao a cocin garin, wanda a lokacin rufinsa na ganyen kwakwa ne. Leonila mai tsintar ganyen taba ce a rumbunan 'yan kasuwa, mace mai kaifin harshe da riƙon gida. An yi bikin babu ganga babu busa, domin tun dawowarsa Anacleto bai sake taɓa begila ba: ba shi da haƙoran da zai dafa bakinta a kai, kuma bai nuna yana marmarin yi ba. Allah ya albarkaci auren da 'ya'ya shida tsakanin 1948 da 1962, ta farinsu aka sa mata Rufina don tunawa da kawunta, ɗaya kuma ya rasu yana jariri.

A shekarar 1949 Doming, wanda ya zama direban motar haya, ya zo gidan wata rana da hantsi daga jana'izar wani maƙwabcinsu, ya zauna a kan tsani ya ce, “Yaya Kleto, yau mun binne Tata Insiong shiru kamar mun sato shi. Mutumin da ya yi rawa a bikin kowa! Har yaushe za mu yi ta haka?”

“Da me zan busa? Da dasashi?”

Leonila ta amso daga madafa: “Da haƙoran roba, kamar kowa. Ni na gaji da auren mutum mai murmushin jariri.”

A makon da ya biyo baya ta sa shi gaba har wurin likitan haƙori a babban birnin lardi. Kafin ƙarshen shekarar, mutum huɗun da suka tsira sun tara samari sun sake kafa ƙungiyar, kuma tun daga lokacin sunan Maestro ya koma kan Anacleto. A 1950 aka ɗauke shi aikin koyar da kiɗa da waƙa a makarantar firamaren da ya yi, ya kuma sami takardar shaidar malanta a 1955 bayan karatun hutun rani na shekaru da dama.

Muhawara a kan abin tunawa

A shekarar 1956 majalisar gari ta yanke shawarar gina abin tunawa da 'yan San Telmo da suka yi hidima a lokacin yaƙi. Magajin gari na lokacin, Saturnino Baltazar, mutum mai son ci gaba da son a gani, ya kawo zane daga Manila na wani mutum-mutumin soja na siminti, mai faɗin ƙirji, riƙe da bindiga mai banati, wanda za a kafa a inda tsamiya take a da. Aka kira taron jama'a domin a nuna zanen, aka kuma gayyaci tsofaffin sojoji su zauna a gaba.

Akwai abin da ya daɗe yana damun Anacleto. Kowace shekara ranar 1 ga Nuwamba, sa'ad da kowane gida ke zuwa makabarta da furanni da abinci ya yini a kan kabarin nasa, yakan ga surukarsa Nana Sabel da sauran iyayen da ba su da kabarin ziyarta sun tsaya a bakin ƙofar makabarta, suna kunna kyandir a kan dakalin gini, mutane na ratsa su suna wucewa. Saboda haka da aka ba shi dama ya miƙe ya ce, cikin ladabi, shi yana ganin abin da garin ke buƙata shi ne rumfa mai rufi da kujeru, wadda za a rubuta sunan kowa a jikin ginshiƙanta, wanda ya mutu da wanda ya dawo, soja da mai yaƙin sunƙuru da mai jinya da mai keken shanun da ya yi jigilar raunana, domin uwa ta sami inda za ta zauna kusa da sunan ɗanta, 'yan badujala kuma su sami inda za su tsaya ranar Lahadi.

Magajin gari ya yi dariya ya ce, “Rumfa kuma, Maestro? Garuruwa na kafa jarumai, mu mu kafa wa awaki wurin kwana?”

Doming ya miƙe ba tare da an ba shi izini ba, ya ɗaga zanen sama ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ƙaton wane ne? Ni dai ban gan shi a Bataan ba. Da yana can da mun san shi, don shi kaɗai ne ke cin abinci. In dole sai mutum-mutumi, a yi shi da haƙarƙari a waje, wandonsa ɗaure da igiya, sai mu ce namu ne.”

Zauren ya kaure da dariya, magajin gari kuwa bai yi ba. Majalisa ta amince da mutum-mutumin, aka zuba simintin gindinsa, kuma a farkon zangon karatu na 1957 Anacleto ya sami takardar canjin wurin aiki zuwa wata makarantar ƙauye a can cikin duwatsu, inda mota ba ta zuwa. Kowa a garin ya san dalili. Abokai sun ba shi shawarar ya je ya ba da haƙuri, ganin yana da ƙananan yara kuma matarsa na da ciki, shi ma ya yi niyyar haka, amma Leonila ta ɗaure masa kayansa da kanta ta ce, “Tafi ka koya wa 'ya'yan dutse waƙa. In ka durƙusa wa mutumin nan, kada ka dawo mini gida da gwiwoyin.” Ya yi shekara biyu a can, yana saukowa a ƙasa idan an yi hutu.

A bayansa al'amarin ya koma hannun mata. Kowace Lahadi bayan an fito daga coci, Nana Sabel da sauran iyaye da zawarawan yaƙi sukan ɗauko kujerunsu na tsuguno, sanye da baƙaƙen kaya, su zauna a kewayen simintin cikin rana tsaka, ba sa ce wa kowa komai. Cikinsu har da Nana Ilang, gwaggon magajin gari wadda ta rene shi, ita ma ɗanta bai dawo ba. Wata Lahadi a cikin zafin Afrilu na 1959 tsohuwar ta yanke jiki ta faɗi, magajin gari ya fito a guje ya tallafe ta yana yi mata fifita da hularsa. Da ta farfaɗo ta dube shi ta ce, “Bar shi, Satur. Ka bari sojan naka na siminti ya zo ya yi mini fifitar.” A zaman majalisa na gaba shi da kansa ya kawo ƙudurin a gina rumfa, kuma a watan Yuni aka mayar da Anacleto makarantarsa. Daga baya mutanen biyu sun shirya, har magajin garin ya zama uban baftisma na ɗan autan Anacleto.

Buɗe rumfa

An gina rumfar da aikin gayya, masunta suna ɗebo yashi da tsakuwa, kafintoci suna ba da ranakun Asabar ɗinsu. Ta kasance mai ginshiƙai takwas, da rufin katako da jan kwano, da dakalin zama a kewaye, an kuma sassaƙa sunaye a kan farin dutse a jikin kowane ginshiƙi bisa jerin unguwanni, ba a bambanta hafsa da farabiti ba. Ranar 9 ga Afrilu, 1960, limamin coci ya sa mata albarka a gaban dukkan jama'ar garin.

Bayan an gama jawabai, Anacleto ya riƙo hannun Nana Sabel, wadda idonta ya riga ya yi rauni kuma dama ba ta taɓa yin karatu ba, ya kai ta ginshiƙin unguwarsu, ya ɗora yatsanta a kan harafin farko. Ta bi rubutun a hankali har ƙarshe, ta sake komawa farko, sannan ta ce, “Ashe sunan nasa ɗan gajere ne haka.” Ta zauna a dakalin da ke ƙarƙashinsa, ta buɗe ƙunshin wainar shinkafar da ta zo da shi, ta shiga rarraba wa na kusa da ita. Tun daga ranar har rasuwarta a 1963, nan ne mazauninta kowace Lahadi.

Shekarun Lahadi

Waɗanda suka yi ƙuruciya a San Telmo tsakanin 1960 da tsakiyar shekarun 1970 har yau ba su da hirar da ta fi ta la'asar ɗin Lahadi. Maestro Kleto kan tsaya a tsakiyar rumfa da farar rigarsa mai guga, begila a hannun dama, yana ba da umarni da hagu. Masu gyaɗa da masu ƙanƙara mai zaƙi sukan jeru a bakin dandali, 'yan mata su yi ta zagaya rumfar ta hannu ɗaya, samari ta ɗaya hannun, kuma aure da yawa a garin daga wannan zagaye ya samo asali. Tsofaffi mata kan zauna kowace a ƙarƙashin ginshiƙinta, yara suna koyon haɗa baƙi da sunayen kakanninsu da kawunansu. Awaki ma, kamar yadda aka yi hasashe, sun kwana a ciki ba sau ɗaya ba, kuma Doming ba ya haɗuwa da tsohon magajin gari bai isar masa da gaisuwarsu ba.

A ƙa'idar da Maestro ya kafa, ba a rufe busa sai an yi wani taƙaitaccen take mai sanyi wanda babu ganga a cikinsa. Mai ganga kan sauke sandunansa ya tsaya ƙiƙam har a gama. Bai taɓa yi wa ɗalibansa bayanin dalili ba, su ma ba su tambaya ba.

Daga ƙarshen shekarun 1970 al'amura suka fara sauyawa. Samari suka kama hanyar Hawai da Saudiyya da jiragen ruwa, talabijin ya shiga gidaje, masu biki suka koma hayar lasifika. Ƙungiyar ta ragu, busar Lahadi ta koma sau ɗaya a wata. Doming Pascua ya rasu a 1981, bayan sauran abokan tafiyarsu biyu, Anacleto ya zama shi kaɗai ya rage cikin huɗun. Ya yi ritaya daga koyarwa a 1983, kuma a watan Oktoba na 1988 Leonila ta rasu bayan gajeriyar jinya. Daga wannan shekara numfashinsa ya gaza, ya daina busa, sai dai ya tsaya ya ba da umarni.

Girgizar ƙasa da sake gini

A watan Yuli na 1990 girgizar ƙasa ta afka wa lardin, ta rushe hasumiyar coci da gidaje masu yawa, rufin rumfar ya rufto, ginshiƙai uku suka karye. Anacleto, yana da shekara saba'in da biyu, ya riƙa zuwa da baro yana tsince gutsattsarin farin dutsen daga cikin ɓaraguzai, yana kai su ƙarƙashin gidansa, yana jera su a kan tabarma har sunayen suka sake haɗuwa, ban da kaɗan da suka niƙe.

Da aka zo sake gina gari, majalisa ta ga cewa tsakiyar dandali ta fi dacewa da tashar babura masu ɗaukar fasinja, sunayen kuma a mayar da su kan allon tagulla a cikin ofis. Magajiyar gari ta lokacin, Erlinda Corpuz, tsohuwar ɗalibarsa ce da ta yi busar sarewa a ƙungiyar makaranta. Ta zo gidansa da kanta domin ta sanar da shi, ta ɗora hannunsa a goshinta bisa ladabi, ta ce, “Maestro, gari ya girma. Mutane na buƙatar wurin.”

“Ke ma kin girma, Linda, amma ban ji an ce a ɗauke ki a kulle a ofis ba.”

“Maestro, waɗanda suka san mutanen nan saura nawa?”

“Shi ya sa. Da muna da yawa ai da ba sai an rubuta ba.”

Ya kai ta ƙarƙashin gidan ya nuna mata duwatsun a jere, ya bar ta ita kaɗai a wurin. Sunan kakanta na wajen uwa yana ciki, tsagewa ta raba shi biyu.

Bai sami duk abin da ya nema ba. Tashar ta ci tsakiyar dandali kamar yadda aka tsara, amma majalisa ta ba da wani fili a gefen coci, tsofaffin ɗalibansa na gida da na ƙetare suka haɗa hannu, aka gina sabuwar rumfa mai ginshiƙai shida, ƙarama a kan ta farko. Aka manna tsofaffin duwatsun da tsagewarsu, aka ƙara sunayen 'yan garin da suka yi hidima a yaƙe-yaƙen Koriya da Mindanao, aka buɗe ta ranar 9 ga Afrilu, 1994. Da aka tambaye shi ko ya gamsu, sai ya ce ƙarar babura ta yi yawa, amma a ƙara wa masu busa ƙarfi.

Ƙarshen rayuwa da rasuwa

Shekarunsa goma na ƙarshe ya yi su a gidan ɗan autansa, yana koya wa yaran unguwa karatun kiɗa a kan baranda ba tare da karɓar komai ba. Kowace safiya yakan taka da sandarsa zuwa rumfa ya zauna, 'yan makaranta masu aikin tarihi su same shi a can su yi masa tambayoyi. Ba ya son ba da labarin Bataan. Ya fi son ya faɗa musu wane ne ke cin bashin taba, wane ne ke tsoron kare, wane ne ya taɓa faɗawa kwata da babban ƙaho a tsakiyar rakiyar amarya. A shekarar 2001 majalisar gari ta karrama shi da lambar yabo, wadda ya karɓa a zaune saboda ciwon ƙafa.

Maestro Anacleto Sagun Ragudo ya rasu ranar Litinin, 2 ga Fabrairu, 2004, a gidan ɗan autansa da ke San Telmo, sakamakon ciwon huhu, yana da shekara tamanin da biyar. An yi zaman makoki a gidan bisa al'ada, aka yi masa addu'ar jana'iza a cocin garin, aka lulluɓe akwatinsa da tuta a matsayinsa na tsohon soja, aka binne shi a makabartar garin kusa da matarsa, kamar yadda ya yi wasiyya. Tsofaffin ɗalibansa, wasu da furfura, wasu sun shekara ashirin ba su taɓa abin busa ba, suka aro kayan busa na makaranta suka raka shi a ƙasa tun daga coci har bakin kabari.

Ya rasu ya bar 'ya'ya biyar: Rufina, malamar makaranta mai ritaya a San Telmo, Gaudencio, ma'aikacin otal a Honolulu, Teofilo, injiniyan jirgin ruwa, Herminia, mai kula da tsofaffi a Milan, da Anacleto ƙarami, mai shagon gyaran babura a bakin dandali, tare da jikoki goma sha bakwai da tattaɓa-kunne shida. Dukkansu sun halarci jana'izar in ban da Herminia, wadda matsalar takardun zama ta hana ta tahowa. Ƙaninta ne ya kira ta a wayar hannu sa'ad da aka fito da gawar daga coci, ya ɗaga wayar sama da kansa, ya bi bayan masu busa da ita a haka har makabarta. Da aka gama ya mayar da ita kunnensa ya tambaye ta ko ta ji, ta ce ta ji, sai dai mai begila na biyu yana sa ƙarfi da yawa, kuma da Baba na nan da ya tsayar da su an sake daga farko.

Allah ya ba shi hutawa, ya albarkaci zuriyar da ya bari.